Shawara: ta ina za a fara koyar da sinadaran da ɗan Adam ya ƙera?

Malama Rabi: Salamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Darasi biyu gare ni da 'yan aji uku na babbar sakandare a kan sinadaran da ba a haƙo su a ƙasa, sai dai a ƙera su. Littafin da ke hannun yaran layi huɗu ya ba abin, ya jero sunaye ya wuce. Tambayar da za ta fito a bayyane take: ta yaya ake yin su, kuma me ake yi da su? Da wane misali zan fara, wanne zan bari?

Malam Lawal: Wa alaikumus salam, Malama. Fara da gyara lissafi, don littattafai da yawa cewa suke na halitta 92 ne, sauran duk aikin mutum. Ba haka yake cif ba. Jadawalin yana da 118. Guda 94 ana samun su a ƙasa ko da burbushi ne. Naftuniyam mai lamba 93 da fulutoniyam mai 94 suna laɓe a cikin dutsen yuraniyam irin wanda ake haƙowa a Arlit, amma ƙanƙantarsu ta kai ba mai iya tara su daga can. Daga 95 zuwa 118, guda 24 ke nan, su ne sai an yi su. Akwai kuma uku masu lamba ƙasa da 92 da aka fara ƙera su kafin a ga alamarsu a ƙasa: teknishiyam 43, furometiyam 61 da astatin 85.

Abin da za ki dasa musu a kai shi ne lambar sinadari yawan furoton ɗin da ke cibiyar atam ɗinsa ne. Ƙera sabon sinadari sauya wannan adadin ne, ba garwaya kwalabe ba. Hanyoyin biyu ne. Ko a ciyar da cibiyar niyutiron a tukunyar nukiliya, ko a harbo wata cibiyar da gudu ta yi karo da ita su manne.

Ta farko a allo: yuraniyam-238 ya haɗiye niyutiron, ya zama yuraniyam-239. Wannan ba ya zama lafiya, cikin kimanin minti 23 rabinsa ya juya: niyutiron ɗaya ya rikiɗe ya koma furoton, ya tofar da elektiron. Furoton sun tashi daga 92 zuwa 93, an samu naftuniyam-239. Bayan kwana biyu da 'yan awoyi rabin wannan ma ya sake yin haka, ga fulutoniyam-239. A Berkeley ta Amurka McMillan da Abelson suka gane naftuniyam a 1940, su Seaborg suka biyo da fulutoniyam a farkon 1941.

Sadiya: Ni dai da oganeson zan fara, mai lamba 118. Yara na son abin mamaki. A ce musu ga sinadarin da duk duniya atam ɗinsa da aka taɓa gani ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma kowanne cikin kimanin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ya mutu.

Dokta Aminu: Ƙanwata Sadiya, in aka fara da shi yaron farko da zai ɗaga hannu cewa zai yi to meye amfaninsa, kuma amsar gaskiya ita ce babu, sai bincike. Daga nan an rasa ajin. Malama, ki fara da teknishiyam. Shi ne na farko da aka ƙera, a 1937, lokacin da Perrier da Segrè a Palermo ta Italiya suka tsamo shi daga wani fallen molibdinam da ya sha harbi a injin Berkeley. Kuma shi ne ake ɗura wa marasa lafiya a jijiya kullum a duniya, har a nan, a sashen hoton nukiliya na asibitin koyarwa na Ibadan da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja.

Nau'in da ake aiki da shi Tc-99m ne. Rabin ransa awa 6, wato duk awa 6 rabin abin da ke akwai ya tafi. Yana fitar da hasken gama mai ƙarfin 140 keV (keV ma'aunin ƙarfin hasken ne), daidai yadda kyamarar asibiti ke so: yana ratsa jiki ya fito, kuma faranti na dalma mai ƙananan huji yana iya saita shi. Bayan awa 24 kashi ɗaya cikin 16 ya rage. Alherinsa ke nan ga mara lafiya, kuma ita ce wahalarsa ga mai jigila, don ba a ajiye shi a sito.

Dabarar ita ce ba shi ake saya ba, uwarsa ake saya, molibdinam-99, mai rabin rai na awa 66. Ana samun ta ne idan yuraniyam-235 ya tsage a tukunya, kusan 6 cikin kowace tsagewa 100 ita suke bayarwa. Tukwanen da ke ciyar da duniya ƙalilan ne: Petten a Holan, BR2 a Beljiyam, SAFARI-1 a Afirka ta Kudu, OPAL a Ostireliya da wasu kaɗan. Ana manna molibdinam ɗin a kan garin alumina cikin ɗan bututu, a killace da dalma. Masu aikin saniya suke ce mata, cire maganin kuma tatsa, kuma sunan ya dace. Uwar tana manne tana haifar teknishiyam. Idan aka zuƙo ruwan gishiri mai kashi 0.9 cikin ɗari ta cikin bututun da kwalba marar iska, teknishiyam ya biyo ruwan, molibdinam ya tsaya. Bayan awa 6 kusan rabin nonon ya dawo, a awa 23 ya cika. Shi ya sa tatsar safe-safe ce tsarin aiki.

Malama Rabi: Wannan saniyar kam ta shiga darasi. Dokta, a ina abin yake lalacewa? Suna riƙe darasi in akwai matsalar da za su lissafa.

Dokta Aminu: Wuri na farko hanya. Molibdinam yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin ɗari duk awa. In saniya ta kwana uku a filin jirgi ana jiran takarda, fiye da rabinta ya tafi, kuɗin kuwa an biya cif. Bayan mako guda kashi 17 cikin ɗari ya rage. Ki ba su wannan su fitar da kansu.

Na biyu, uwa ta biyo ɗa. In bututun ya sami matsala molibdinam yana zubowa cikin ruwan, mara lafiya ya sha haske a hanta ba gaira ba dalili. Ƙa'idar Amurka ita ce kada ya wuce 0.15 kBq na molibdinam a kowane MBq na teknishiyam a lokacin allura (kBq da MBq ma'aunin yawan atam ɗin da ke juyawa a daƙiƙa ne, MBq ɗaya kBq dubu ke nan). Gwajinsa da sauƙi: a sa kwalbar cikin gwangwanin dalma mai kaurin kusan milimita 6, ya tare hasken 140 keV, na molibdinam mai 740 da 780 keV ya fito, a auna. A lura da "lokacin allura" ɗin nan. Ɗan ya fi uwar saurin mutuwa, don haka ruwan da ya ci gwaji da safe yana iya faɗuwa da yamma.

Na uku, iska. Ruwan da aka tatso ba ya zuwa ƙashi da kansa. Sai an zuba shi a kwalbar da ke da maganin da zai ɗauke shi, kamar MDP na hoton ƙashi, tare da ɗan gishirin kuza da ke sauya yanayin teknishiyam ɗin ya kama maganin. In mai haɗawa ya bari iska ta shiga da sirinji, ta cinye kuzar, teknishiyam ya tafi sakaka. A hoto sai a ga ciki da maƙoshi da wajen yawu sun yi haske, ƙashin kuma dishi-dishi. Haka ma tatsar farko bayan saniya ta daɗe ba a taɓa ta ba: Tc-99 marar amfani, wanda Tc-99m ke komawa in ya mutu, ya taru, yana rige na kirki cin kuzar.

Injiniya Kabiru: Na goyi bayan Dokta, amma yara ba za su ga saniyar da idonsu ba. Abin da za a iya riƙewa a hannu shi ne ƙararrawar hayaƙi ta silin, nau'in da ke da amerisiyam-241. Duba bayanta, za a ga alamar nukiliya mai ganye uku da rubutun Am-241. Abin da ke ciki bai wuce 37 kBq ba, nauyinsa kamar kashi uku cikin goma na maikirogiram. Yana zaune tsakanin faranti biyu masu ɗauke da wutar batir. Ƙwayoyin alfa da yake fitarwa suna bugun iskar da ke tsakani, iskar ta riƙa ɗaukar 'yar wuta. Hayaƙi na shiga sai ya manne wa ƙwayoyin iskar, wutar ta ragu, ƙararrawa ta ɗauka.

Asalinsa tukunya: fulutoniyam-239 ya haɗiye niyutiron biyu ya zama 241, wannan kuma a hankali, rabin rai shekara 14, ya juye amerisiyam. Shi amerisiyam ɗin rabin ransa shekara 432, don haka ba shi ke ƙarewa ba idan aka ce a sauya ƙararrawa bayan shekara 10, kayan lantarkin ne da ƙura.

Ga mai son saya: wannan nau'in ya fi saurin jin wuta mai harshe, amma yana jinkiri a kan wutar da ke cin katifa ko kujera a hankali. Kuma mai yawan ƙarya ne kusa da kicin, suya kaɗan ya ɗauka, turaren wuta ma haka. Ƙarshenta a cire batir a manta, wanda ya fi rashinta muni. Ɗakin kwana da falo a sa mai aiki da haske, kicin a sa mai jin zafi. Lokacin hunturu a riƙa share ƙurar duk wadda aka sa.

Malama, a nuna musu ita a rufe. Alfa ba ya wuce santimita 4 a iska, takarda ma tana tare shi, amma in aka kankare fallen aka shaƙa ko aka haɗiye, ba takarda tsakaninsa da nama.

Hajiya Maryam: Injiniya ka bar babban aikin amerisiyam a ƙasar nan. In aka cakuɗa shi da beriliyam, alfa ya bugi beriliyam, niyutiron ya fito. Da wannan ake auna rijiyoyin mai, kuma shi ne a cikin akwatin nan mai ruwan ɗorawa da masu aikin titi ke ɗorawa a kan ƙasar da aka daddaɓe. Siziyam-137 da ke cikinsa yana auna daddaɓuwa, amerisiyam yana auna danshi, saboda haidirojin ɗin ruwa yana rage wa niyutiron gudu, na'urar tana ƙirga masu sanyin gudun. Kuskuren da aka fi yi: na'urar ba ta san ruwa ba, haidirojin ta sani. Ƙasa mai ruɓaɓɓen ganye ko jifsam za ta nuna danshin da babu. A cikin rami ma bango yana dawo da niyutiron, adadi ya hau. Maganinsa a gwada ta a kan tubalin gwajinta kowace safiya, kuma a gasa samfurin ƙasar a tanda a daidaita. Mallakarta sai da lasisin NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya ta ƙasa, kuma in ta tsufa mayar da ita ake yi, kada ta faɗa hannun 'yan jari-bola.

Malam Isuhu: Hajiya, ga mai zaɓen tushen niyutiron akwai kaliforniyam-252 ma. Shi ba ya neman beriliyam, kusan 3 cikin ɗari na mutuwarsa tsagewa ce da kansa. Maikirogiram ɗaya yana ba da niyutiron miliyan 2.3 a daƙiƙa, abin da sai an tara kusan kashi uku cikin goma na giram na amerisiyam kafin a samu. Da shi ake kunna sabuwar tukunya, kuma manyan masana'antun siminti da na kwal suna sa shi ƙarƙashin bel yana karanta abin da ke cikin dutse yana wucewa. Aibinsa rabin rai shekara 2.6. Bayan shekara takwas kashi ɗaya cikin takwas ya rage, ma'auni ya fara rawa, sai an ƙaro sabo. Kuma wuri biyu kaɗai ke yin sa, Oak Ridge a Amurka da Dimitrovgrad a Rasha. Aikin da ke son ɗan ƙaramin tushe mai ƙarfi, kaliforniyam. Aikin da ke son a saya a manta, amerisiyam.

Sadiya: To tukunyarmu ta Zariya fa, ba ta iya yin irin waɗannan?

Malam Lawal: Ba aikinta ba ne. NIRR-1 da ke cibiyar CERT ta Jami'ar Ahmadu Bello ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kusan kilowat 30, irinta ɗaya da ta Ghana da ke Kwabenya. Ana sa samfurin ƙasa, dutse ko abinci a ciki a gane sinadaran da ke jikinsa. Ta Oak Ridge megawat 85 ce, kuma ruwan niyutiron da take zubawa a tsakiyarta ya ninka na Zariya fiye da sau dubu biyu. Daga kuriyam-244 zuwa kaliforniyam-252 sai an haɗiye niyutiron takwas, a kowane mataki kuma wasu cibiyoyin tsagewa suke yi maimakon su haɗiye. Wata da watanni ake yi a fito da miligiram. Amma don ziyarar ɗalibai, Malama, Zariya ta isa, a rubuta musu takarda da wuri.

Hanyar ciyarwa tana da bango. Tana kaiwa famiyam-257, mai lamba 100. In ya ƙara niyutiron ɗaya ya zama 258, wanda ke tarwatsewa cikin ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ainstainiyam mai lamba 99 da famiyam ɗin ma a tokar gwajin bam ɗin haidirojin na Amurka a tsibirin Enewetak, Nuwamba 1952, aka fara tsintar su. Daga 101 zuwa sama sai karo. Sadiya, ga filinki.

Sadiya: Na gode, Malam. Misalin da ya fi daɗin allo tenesin ne, mai lamba 117. Kalsiyam furoton 20, bakeliyam 97, a haɗa 117. Amma ba kowane kalsiyam ba, sai kalsiyam-48 mai niyutiron 28, wanda bai kai 2 cikin 1,000 na kalsiyam ɗin duniya ba. Ana son sa ne saboda cibiya mai nauyi tana neman niyutiron da yawa kafin ta tsaya.

Oak Ridge ta yi kwana 250 tana dafa bakeliyam-249, ta samu miligiram 22. Rabin ransa wajen kwana 330, agogo na tafiya, kuma sai da kayan suka tsallaka Tekun Atlantika sau biyar saboda takardun kwastan kafin su shiga Rasha. Aka shafa shi siriri a kan fallen titaniyam, aka ɗaura a faifai mai juyawa don kada zafin harbin ya narkar da wuri ɗaya. A Dubna aka yi ta harba masa kalsiyam da gudun kusan kashi ɗaya cikin goma na gudun haske, tiriliyoyi a kowace daƙiƙa, tsawon kwana 150. Aka samu atam shida, aka sanar a 2010.

Dalilin ƙarancin: cibiyoyin biyu duk caji ɗaya gare su, ture juna suke. In gudu ya yi kaɗan, harsashin ya kauce. In ya yi yawa, su haɗu amma da zafin da zai sa su tsage nan take. Tazarar da ke tsakani 'yar siririya ce. Wadda ta tsira takan zubar da niyutiron uku ko huɗu ta huce: 48 da 249 sun ba da 297, a cire, a samu 294 ko 293. Daga nan maganaɗisu ya ware ta daga tarin harsasan da suka wuce banza, ta dasu a farantin silikon. Ba wanda ya gan ta. Abin da ake gani jerin alfa ne suna fitowa daga wuri ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ƙarfinsa da lokacinsa.

Injiniya Kabiru: Ƙari kaɗan: bakeliyam-249 yana mutuwa ne ya zama kaliforniyam-249, wato abin harin da kansa yana sauyawa ana cikin aiki. A harbin 2012 har atam ɗin 118 ya fito daga gare shi. Na Japan kuwa haƙuri ne zalla, tutiya-70 a kan bismut-209, shekara tara, atam uku: 2004, 2005, 2012. Shi ne nihoniyam, 113.

Dokta Aminu: Shi ya sa ba a karɓar suna sai an maimaita an tabbatar. Berkeley ta sanar da 118 a 1999, ba wanda ya iya sake samun sa, aka janye a 2001 bayan an ga bayanan ba na gaskiya ba ne. Na Dubna shi ya tsaya, aka tabbatar da sunayen 113, 115, 117 da 118 a Nuwamba 2016.

Hajiya Maryam: Kar a bar fulutoniyam da sunan bam kaɗai. Nau'in 238, da ake yi ta hanyar ciyar da naftuniyam-237, kowane giram yana ba da zafin da ya ɗan haura rabin wat, rabin rai shekara 87.7. Motocin Curiosity da Perseverance da ke duniyar Mas kowace tana ɗauke da kilo 4.8 na okisayid ɗinsa: zafi wat 2,000, lantarki wat 110 kacal, sauran yana ɗumama kayan cikinta. Kumbon Voyager biyu da aka harba a 1977 sun tashi da wat 470 kowanne, suna asarar kusan wat 4 a shekara, shi ya sa ake kashe na'urorinsu ɗaya bayan ɗaya.

Malama Rabi: Allah ya saka da alheri. Darasin farko saniya da ƙararrawa, na biyu karo. In suka ce bayan 118 fa?

Malam Isuhu: Kalsiyam ya kai iyakarsa, don 119 zai nemi abin hari na ainstainiyam, wanda maikirogiram ake samu, ba miligiram ba. Sai a ƙara wa harsashi nauyi. Japan na harba banadiyam-51 a kan kuriyam-248 don neman 119. Berkeley a 2024 ta gwada titaniyam-50 a kan fulutoniyam-244, ta samu atam biyu na 116 cikin kwana 22, share fagen 120 ke nan. Su lissafa: 23 na banadiyam da 96 na kuriyam, sannan 22 na titaniyam da 98 na kaliforniyam.

Malam Lawal: Ki sa su taɓa rabin rai da hannu. Yanka kwali ƙanana guda 200, a shafa wa gefe ɗaya tawada. A zuba a tire, a watsa, a kwashe waɗanda tawadarsu ta kalli sama, a rubuta saura, a sake. Zagayen farko za su ga kusan 100, sannan wajen 50. Bayan haka ki ba kowane rukuni guda shida kacal su maimaita. Wani rukunin zai ƙare a watsawa biyu, wani ya kai bakwai, su ga da idonsu wahalar auna rabin ran sinadarin da atam shida kaɗai aka samu. In kwali ya yi wuya murfin kwalbar lemo ma ya yi, sai dai ba ya faɗuwa rabi da rabi, don haka a fara watsa ɗari sau biyar a fitar da nasa kason kafin a shiga aji.